Agogon Ɗakin Auta

Ina tsaye a shagon mai kayan lantarki da ke bakin kasuwar Karaye, waya a kunnena, labarin ya same ni. Hantsi ne, ranar kasuwa. Ƙanwata nake kira, autarmu da ke aure a Rogo, don in kwatanta mata agoguna uku da mai shagon ya kawo daga Kano, ta faɗi wanda take so. Kiran farko ya katse ba a ɗauka ba. Na biyu aka ɗauka, sai dai muryar ba tata ba ce. Wata mata ce, daga baya na gane maƙwabciyarta ce, kuma a bayanta ina jin hayaniyar mutane.

Na ce ta ba Auta wayar. Sai ta tambaya ko ni ce Yaya ta Karaye. Na ce ni ce.

Ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi mata rasuwa yanzun nan."

Na ce mata ba ta gane ba, ƙanwata nake nema, mai ɗinki, wadda muka yi magana da ita yau da asuba. Ta ce ai ita ɗin ce. Tana shanya a tsakar gida ta dafe kanta ta zauna, daga zaman ta kwanta, kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Ban yi kuka a wurin ba. Abin da nake iya tunawa shi ne mai shagon yana ta bayani, bai san abin da ake ciki ba. Yana cewa, "Hajiya, wannan kin ga ba ya ƙas-ƙas, ko jariri ba zai tasa ba." Da ya ɗago ya ga fuskata sai ya tsaya. Na faɗa masa kamar mai ba da labarin wata can da ban sani ba. Shi ya fara cewa innalillahi, ni kuma na bi bakinsa. Ya karɓi jakata ya saka wani abu a ciki, ya fita ya tsayar mini da ɗan acaba zuwa gida. Ban tambayi abin da ya saka ba.

Ni na raini Auta. Mahaifiyarmu ta rasu Auta tana ƙarama, ni kuwa ban daɗe da aure ba, sai aka ba ni ita na tafi da ita gidan mijina. Tun tana yarinya barcinta nauyi gare shi. Sai na yayyafa mata ruwa a fuska take motsi, wani lokaci ta tashi zaune ta amsa mini, in juya baya ta koma. Da ta yi aure aka kai ta Rogo, sai aka yi rashin dace, mijin nata mai sayar da hatsi a kasuwa shi ma ba gwanin tashi ba ne. Da waya ta shigo hannunmu, sai ya zama kullum in ladan ya yi kiran farko na kira ta. Ba ma hira. Ta ɗauka ta ce, "Na tashi, Yaya," ni kuma in ce ƙarya take yi, ta sauko da ƙafarta ƙasa in ji. Sai ta yi tsaki tana dariya, mu ajiye. Ranar da wayarta ba caji kuwa, rana ce ke tashinsu. Shekaru muka yi a haka.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba ta cika tayar da maganar ba, ni ma ba na tayarwa. Ɗinki ta kama, hannunta kuma ya karɓu, matan unguwarsu har da na ƙauyukan kusa suna kawo mata. Abin da ta samu duk a ɗakinta take zubawa. Ta fara da sayar da kabat ɗin da muka jera mata kwanuka a ciki ranar jerenta, abin da ya sa Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta da daɗin rai. Daga nan ta sa aka yi tayil, aka yi silin, aka shafa fenti ruwan toka. Ta ɗauko kafinta ya zo da katakonsa ya haɗa mata gado da sif na kayan sawa a cikin ɗakin. A waya take ganin ɗakunan mutanen birni, ta ɗauki wannan ta bar wancan.

Ni duk a baki nake jin wannan. Wayata ƙarama ce, ba ta hoto, kuma tun da aka fara aikin ta hana ni shiga ɗakin. In na je Rogo a rumfar tsakar gida take shimfiɗa mini tabarma, ta kulle ƙofa ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Ta ce ba zan gani ba sai ya kammala, don ta san ni, in na ga rabi zan ce ɓarna ce.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne agogo mai tashin mutum, wanda za ta ɗora a kan durowar gefen gado. Ta ce na tsufa, ya kamata in huta da gadin barcinta. Amma ta ce ni zan zaɓo shi, tunda aikina zai gada. Ranar da na kawo shi kuma, ranar za ta buɗe mini ƙofa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na sayi irin mai siffar masallaci, kore da ruwan gwal, wanda in lokaci ya yi yake kiran salla. Na ba direban motar Rogo ya kai mata. Washegari ya dawo mini da shi a ledarsa. Ta kira tana dariya har da tari, ta ce, "Yaya, ɗakina na ce miki, ba zauren liman ba." Na ce ta ji tsoron Allah, kiran salla take mayarwa. Ta ce ita ba ta mayar da kiran salla ba, kore ta mayar, kore ba ya zama da ruwan toka.

Na sake aika wani, na ƙarfe mai ƙararrawa biyu a ka. Shi ya kwana biyu kafin ya dawo. Ta ce ƙas-ƙas ɗinsa ya hana ta barci. Na ce ita da ko ganga ba ta tashinta. Ta ce to ban da wannan ma, kamar na teburin hedimasta yake, duk sanda ta kalle shi sai ta ji kamar ta makara.

Daga nan ne ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ba ta son mai launi mai ihu. Tana son wanda lambobinsa ke haske, ta ga lokaci ba sai ta lalubi tocila ba, kuma mai batir, don wutarsu ba abin dogaro ba ce. Kada ya yi girma ya cinye durowar. Ta ce in ɗauke shi kamar ɗankunne ne ga kwalliya, in bai dace ba duk sauran ya ɓaci. Na kwashe wannan na kai wa mai shagon. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan ƙanwar tawa ta fi amaren Kano tsirfa, amma zai duba in ya shiga birni. Tun ina ɗaukar abin shirme har na tsinci kaina ina tunaninsa ina suyar ƙuli-ƙuli. Ko gidan suna na je sai in kama kaina ina leƙen agogon mutane.

Guda uku ya kawo. Akwai fari zagayayye, akwai baƙi mai ɗan tsawo wanda fuskarsa kamar madubi, akwai wani kuma kamar guntun katako, sai an taɓa shi lambobi su fito. Da asubar ranar na faɗa mata sun iso. Ta ce, "To yau dai ki gama da maganar nan, Yaya." Muryarta cike da barci, kamar kullum. Ba ta ce kanta na ciwo ba.

Maigidana ya saka ni a mota ya ce za su biyo baya da maza. Lokacin cirar gyaɗa ne. Duk tsawon hanya mutane na duƙe a gonaki, wasu na kaɗe ƙasa daga saiwa, wasu na ɗora buhu a kan babur. Na riƙa kallonsu ina mamakin yadda ba wanda ya ɗago. Wata mata kusa da ni tana ta ciniki a waya kan kuɗin akuya. Na so in ce mata ta yi shiru, na rasa dalilin da zan ba ta. Wani sashe na zuciyata kuma yana ce mini in na isa zan tarar barci ne, ba su san nauyin barcinta ba ne, ni kaɗai na san yadda ake tashinta.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun zazzauna. Mijinta na cikinsu, hularsa a hannu. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai. A cikin gida Goggo ta riga ni, don ita kusa take. Ta kama hannuna ta ce ni ake jira, ba a taɓa ta ba, tunda ni na yi mata wankan yarinta ni zan tsaya a kan wannan. Ta ja ni zuwa ƙofar da aka daɗe ana kulle mini. A buɗe take.

Sun kwantar da ita a tabarma a kan tayil, an lulluɓe ta da zane. Amma idona ɗakin ya fara gani. Bango ruwan toka mai haske, silin fari ƙal, labule biyu masu kauri ruwan madara sun sauka har ƙasa. Gadon yana da allon kai mai laushi da ya hau bango, an shimfiɗa masa farin zanen gado ba ko lanƙwasa. Sif ya cika bango guda, da madubi a tsakiyarsa. Ƙamshin turaren wutarta bai gama fita ba. Ban taɓa shiga ɗaki irinsa ba, ko a Kano. A kan durowar gefen gado ba komai sai wani ɗan farin kyalle da ta yi wa ado a baki, ta shimfiɗa a tsakiya, tana jiran abin da za a ɗora.

Na durƙusa na buɗe fuskarta. Na kira ta yadda nake kiranta. Na taɓa kumatunta, da sauran ɗumi kaɗan. Goggo ta dafa kafaɗata ta ce in yi mata addu'a, ruwa na hucewa.

Kafin la'asar an kai ta. Duk abin bai wuce tsakanin hantsi da yamma ba. Da aka fita da makara mijinta ya aiko aka kulle ɗakin, aka kai masa makullin.

A rumfa muka kwana da mata. Da ladan ya yi kiran farko na farka, hannuna ya lalubi waya ya danna, ban ma gama dawowa hayyacina ba. Sai na ji ƙarar wayarta daga can zaure, inda maza suka kwana. Ashe tana aljihun mijinta. Kafin in katse ya ɗauka. Ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Na tashi, Yaya."

Na kashe wayar. A nan na fara kuka, na toshe bakina da mayafi don kada in tashi tsofaffi.

Da hantsi gida ya cika da masu gaisuwa. Ana shigowa ana durƙusawa, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, a yi addu'a a shafa. Muna cikin haka wani sauti ya tashi, siriri, ɗit-ɗit, ɗit-ɗit, yana ƙara ƙarfi. Kowa ta shiga duba wayarta. Goggo ta ɗago ta tambaya wace ce ba ta san inda take ba. Sai da maƙwabciyar nan ta nuna jakata da ke rataye a ƙusa na gane daga wurina ne. Na zuge na tarar da agogo, baƙin nan mai fuskar madubi. Shi mai shagon ya saka mini. Jiya ya saita shi ya yi ƙara don in ji, dab da in kira ta, bai kuma kashe ba. Lokacin ne ya zagayo.

Na juya shi gaba da baya, rubutun jikinsa duk na Turanci ne. Na danna samansa ya yi shiru. Na ajiye, wata tsohuwa daga dangin mijin ta ɗaga hannu ta fara addu'a, ba ta kai rabi ba ya sake tashi. Wata ta ce a naɗe shi da zane, wata ta ce a tura shi cikin buhun masara. Wata ƙawar Auta dariya ta kuɓuce mata, daga dariyar ta faɗa kuka, sai da aka fita da ita. Goggo ta tambaye ni mene ne wannan, na ce agogon da Auta ta aike ni ne. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce Allah ya ji ƙanta, ita dai da son ƙyale-ƙyale. Maƙwabciyar ta karɓa ta miƙa zaure, can aka san yadda aka yi da shi.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, mijinta ya yi sallama ya shigo ya ce yana son magana da ni. Ya buɗe ɗakin ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya miƙo mini agogon ya ce ni ta ce in zaɓo, ni ya kamata in ajiye. Na ce ban zaɓa ba, ban kai ga zaɓa ba, mai shago ne ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Ya ce ai shi ne ya zo.

Na cire takalmi na shiga na ɗora shi a kan kyallen. Launin bai yi faɗa da bangon ba, lambobin farare suna fitowa sarai, labulen kuma yana bayyana a fuskarsa. Sai dai kyallen zagayayye ta yanka shi, agogon kuwa mai tsawo ne, gefe da gefensa duk sun sauka a kan katako. Na tsaya ina kallon wannan. Ba ta taɓa ce mini zagayayye take so ba, cikin duk bayanin da ta yi. Na ce masa akwai wani fari a shagon, in na koma zan canzo. Ya ce in bar shi. Ya ce ya mayar da ƙarar zuwa asuba, daga ɗakinsa zai riƙa jiyowa ta taga, don ba Auta kaɗai kirana ke tashi ba.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce yana roƙon arziki a bar ɗakin yadda yake. Ya san al'ada, bai kuma ce yana da iko ba, roƙo ne. Ban amsa ba, don ba maganata ce ni kaɗai ba.

A wajenmu in mace ta rasu, danginta ne ke zuwa su kwashe kayan ɗakinta. Ana fitar da komai, a share ɗakin, a bar wa miji bangonsa, sannan malamai su zauna su raba gado kowa ya ɗauki rabonsa. Ba a barin kayan mamaciya a gidan miji. Haka na taso na gani, ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Goggo ce ta sa rana, bayan sadakar arba'in. Ta zo da a-kori-kura da mata uku daga danginmu, ta kuma ɗauko wani kafinta don ya kwance gado. Aka fara da abin da ke waje. Aka ɗora keken ɗinki, aka ɗaure tukwane da kwanukan girki, aka fitar da atamfofin mutane da ba ta gama ɗinkawa ba aka ba maƙwabciyar ta mayar wa masu su. Sannan mijin ya buɗe ɗakin ya koma gefe. Mahaifiyarsa na zaune a rumfa tana jan carbi.

Matan suka kwashe kayan sawa daga sif suka ƙulla a zannuwa. Da aka gama wannan Goggo ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana juyawa. Ta ce, "To ina kayan?" Ranar rasuwa ba ta kalli komai ba, sai yau. A saninta ɗakin mace kwanuka ne da tasoshi da akwatuna, abin da za a ɗauka a ka. Nan kuwa duk abin da Auta ta tara yana manne da ginin.

Kafintan ya zagaya ya ƙwanƙwasa nan ya leƙa can. Ya ce sif ɗin a jikin bango aka gina shi, ba shi da baya, in an cire shi katako ne kawai za a fita da shi. Allon gadon ma an kafe shi da bango, gadon kuma ya fi ƙofar faɗi, don a ciki aka haɗa shi da gam da ƙusa. Zai iya ɓallewa in an ce ya ɓalle, amma kada a ce masa ya mayar.

Goggo ta ce ya ɓalle. Ta ce har tayil ɗin ma a farfasa, ai da allurar 'yarta aka saya. Mijin yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce ba ya jayayya, ko ƙusa ɗaya ba tasa ba ce a ɗakin nan, duk guminta ne. In ana so malamai su zo su ƙiyasta, duk abin da suka yanke ya yarda, a dai bar shi a tsaye. Goggo ta ce ita ba ciniki ta zo ba.

Ta juya wajen rumfa ta ɗaga murya kaɗan. Ta ce mijin yaro ne, ba zai zauna haka ba, kuma ba wanda ya ce ya zauna. Gobe za a kawo wata, ta hau gadon nan, ta duba fuskarta a madubin nan. Ta tambaya ko ƙarya ta faɗa. Mahaifiyar mijin ba ta ɗago ba, ta ci gaba da jan carbinta. Shi ma bai ce a'a ba.

Sai na ga Goggo ta zauna a bakin gadon, abin da ban zata ba. Ta shafa zanen gadon da tafin hannunta. Ta ce da hannunta ta taya dangin mahaifiyarmu kwashe kayanta, a safiya ɗaya aka gama, aka share ɗaki, kowa ya san an yi an gama, zuciya ta samu inda za ta kwanta. Wannan yarinya kuwa ta je ta zuba kanta a bangon mutane, yanzu ta ina za a fara ɗaukarta. Hawaye na zubo mata ba ta share ba.

Ɗaya daga cikin matan, da ta ga an yi shiru, ta jawo kujera ta hau ta sauke labule ɗaya. Rana ta faɗo a kan gadon da bangon, ɗakin ya koma wani iri nan take. Ta miƙa hannu za ta sauke na biyun, Goggo ta ce ta dakata. Ta dube ni.

Ta ce, "Ke ce uwarta. Ke za ki faɗa."

Mijin ma ya ce, "Yaya, duk abin da kika ce."

Kafintan na tsaye da gudumarsa. Direba na ta yin ham a waje. Na san in na ce a ɓalle, kafin azahar shekarun da ta yi a kan keke sun zama tarin katako a bayan mota, wanda ba mai iya amfani da shi sai a murhu. In na ce a bari, na san abin da Goggo ta faɗa shi zai faru, kuma ni ce na ba da. Na nemi abin da Auta za ta so, na rasa. Na san yadda take barci da abin da ke ba ta dariya, amma wannan ba mu taɓa yin maganarsa ba, ba kuma wanda zai yi tunanin yi da mace mai shekarunta.

Na ce, "A bari tukuna."

Goggo ta tambaya har yaushe. Na ce ban sani ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce wa kafintan ya shiga mota, a tafi da abin da aka ɗora. Ba ta yi mini sallama ba. Matar da ta sauke labulen ta rasa yadda za ta yi da shi, ta ninke ta ajiye a kan gado ta fita. Mijin ya ja ƙofa ya kulle, ya zo ya durƙusa ya ajiye makullin a gabana. Na ce ya riƙe, gidansa ne. Ya ce a'a, in yana hannunsa za a ce ya ci da ƙarfi.

An raba gadon sauran dukiyarta ba tare da wata magana ba. Malaman suka ce na ɗakin sai mun daidaita a tsakaninmu su zo. Damina ta zo ta wuce, an sake cirar gyaɗa. Kwanakin baya wani dattijo daga dangin mijin ya zo Karaye wajen maigidana, suka daɗe a zaure. Da ya tafi maigidana ya shigo ya ce gaisuwa ya kawo, kuma yana tambaya cikin ladabi ko an tsayar da magana kan ɗakin, don sun fara nema wa yaron mata. Goggo kuwa ta dawo tana amsa gaisuwata, amma duk inda muka haɗu, gidan biki ko na rasuwa, sai ta ja ni gefe ta ce tana nan tana jira, kada in bari ta mutu ba a gama ba.

Sau biyu ina shiga motar Rogo da makullin. Na farko na tsaya a gidan maƙwabciyar, muka gaisa, na juyo. Na biyu na shiga har tsakar gida, na zauna a rumfa muka yi hira da mahaifiyarsa kan tsadar taki, ba wadda ta kalli ƙofar a cikinmu. Labulen da aka sauke yana nan a ninke a kan gado, kuma har yau ban ba kowa amsa ba.